Wuƙar Malam Apollos da Zuwan Surukai

A unguwar Bekaji ta Jimeta, in kana neman gidan Malam Apollos, kada ka wahalar da bakinka da sunan layi. Ce wa kowane mai keke ya kai ka gidan Malam mai wuƙa, zai sauke ka daidai bakin koren get ɗin. Wannan suna kuwa babu abin da yake ƙona wa matarsa Keturah rai kamarsa. Ita da ta yi aiki a sakatariya har ta yi ritaya da mutuncinta, ita da take shugabar zumuntar mata a cocinsu, a ce ana kwatancen gidanta da wuƙa sai ka ce gidan mahauta.

Wuƙar ma ba wata babba ba ce. Tsawonta bai fi tafin hannu da ɗan ƙari ba. Ba irin mai naɗewa ba ce, miƙaƙƙiya ce mai mariƙin ƙahon sa, tana zaune cikin jan kube na fata wanda gumi ya mai da shi baƙi-baƙi. Kullum da safe Malam Apollos zai sa wando, ya zura bel ta cikin kuben, sannan ya nemi tabarau. Da ita yake ɓare lemu, da ita yake fere rake, da ita yake fiƙe wa yaran layi fensir, ya buɗe wa maƙwabta bakin buhu, ya yanke wa mai shanya igiya. Ba ta taɓa ɗanɗana jinin kowa ba sai nasa, ranar da yake yanka mangwaro yana gardamar ƙwallo.

Keturah ta san inda wuƙar ta fito, shi ya sa ta daɗe tana haɗiye maganarta. Malam Apollos mutumin Ganye ne, amma a Mubi yake koyarwa a shekarar da 'yan bindiga suka shiga garin. Ita da yara suna nan Jimeta, shi yana can. Da ƙafa ya fito ta daji tare da jama'a, ya iso gida babu jaka, babu waya, ƙafafu a kumbure, sai wannan wuƙa a ƙugunsa. A shekarar farko ba ta ce masa komai ba. A ta biyu ma haka. Amma yanzu an fi shekara goma, gari ya lafa, ya yi ritaya, ya ajiye tumbi, wuƙa tana nan. Har ƙofar banki ta taɓa ƙin buɗe masa saboda ita, ya gwammace ya tsaya a rana tare da mai gadi suna cin gyaɗa, ya tura Keturah ciki.

Ana nan sai 'yarsu Virtue, wadda take koyarwa a wata firamare, ta kawo maganar aure. Yaron sunansa Chimobi, haifaffen unguwar Dubeli, yana gyaran kwamfuta, Hausarsa ta fi ta Keturah daɗi. Ba shi ne matsalar ba. Matsalar ubansa ne, Cif Ignatius, mai babban shagon kayan gini a kasuwar Jimeta. Keturah ta taɓa ganinsa a wani taron jana'iza, da jar hula da sanda, fuska a murtuke, mutane suna rusuna masa yana amsawa da gira. Aka sa ranar Asabar da za su zo gaisuwa, abin da su suke kira ƙwanƙwasa ƙofa.

Tun daga ranar barci ya ƙaurace mata. Ta sa aka yi wa falo fenti. Ta canza labule. Ta kori kajinta zuwa bayan gida. Saura abu ɗaya.

"Baban Virtue," ta ce masa yana zaune a baranda yana wasa wuƙar a kan ɗan dutse, "mutanen nan za su shigo su tarar da uban amarya da makami a ƙugu. Me za su ce?"

"Za su ce ga dattijo mai shiri."

"Za su ce 'yar ɗan daba ɗansu ya ɗauko."

"Ɗan daba mai digiri?" Ya gwada kaifin a farcen babban yatsa. "Madam, wannan ba makami ba ce. Kayan aiki ce. Ke da jakarki fa? In kika maka wa mutum ita sai an kwantar da shi."

Ta ga magana ba za ta yi ba, sai ta koma dabara. Ranar Laraba yana banɗaki yana wanka yana rera waƙar coci, ta zare kuben daga bel, ta jefa a jakar cefane, ta fita ta tari keke. Kafin su kai kasuwa ta lallaɓa ta cusa wuƙar a bayan kujera, can ciki, inda ko tsintsiya ba ta kaiwa. Ta sauka, ta yi cefanenta da zuciya fes, har ta saya wa Malam kifin Binuwai don ta rage masa zafin rashi.

Ta dawo ta tarar ya birkice gidan. Katifa tana tsakar gida, kujerun falo sun juya wa juna baya, shi kuma yana durƙushe yana haska ƙarƙashin firij.

"Ba ki ga wuƙata ba?"

"Ni nake ɗaura maka ita?"

Ko kifin ba ta gama wankewa ba aka buga get. Mai keken nan ne, wani magidanci mai gemu ana ce masa Usaid, yana riƙe da kuben da hannu biyu kamar ya tsinci ɗan wani a hanya.

"Mama, sannu da gida. Kin manta wuƙar Malam a kekena. Ina gani na gane ta. Da ita ya taɓa cire mini ƙusa a taya."

Malam Apollos ya karɓa, ya duba ta ciki da waje, sannan ya ɗago ya dubi matarsa ta saman tabarau.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe ita ma tana son ganin kasuwa."

Keturah ta koma kicin ta ƙara wa kifin barkono fiye da kima, tana jin su a baranda suna shan kankana, Malam yana yankawa yana ba Usaid labarin yadda ake gane ƙarfe mai kyau.

Abin da dabara ta kasa, Virtue ta yi shi da kalma kaɗan. Ranar Alhamis da yamma ta zauna kusa da ubanta, ta riƙe masa hannu.

"Baba, rana ɗaya tak. Don ni."

Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda za a cire wa haƙori, ya ce to, za a sa ta a durowa.

"Babu durowa," in ji Keturah daga ƙofar kicin. "Na san ka. Suna yin sallama za ka ce bari ka ɗauko hankici. Yola za ta tafi, wurin Adda Kaltume."

"Yola! Wuƙar da ba ta taɓa kwana a waje ba?"

Adda Kaltume tsohuwar abokiyar aikin Keturah ce. Tebur ɗaya suka yi a sakatariya suna buga tafireta, tana zaune a Adarawo cikin Yola da mijinta Alhaji. Washegari Keturah ta naɗe wuƙar a tsohon ɗankwali ta hau keke. Malam Apollos ya raka ta har bakin titi yana jero mata sharuɗɗa, ita kuma da ta isa ta sauke su gaba ɗaya a gaban Kaltume.

"Jabbama, jabbama," Kaltume ta ce tana shimfiɗa mata tabarma. "Me kika ƙunso haka?"

"Ajiya. Wai kada a wanke ta da ruwa, kada a yanka albasa da ita, kada a bar ta a rana, kada a sa ta kusa da gishiri."

Kaltume ta buɗe ɗankwalin, ta ga abin da ke ciki, ta yi dariya har tana dafa bango.

"Wuƙa ce ko jaririya? Bai ce a ba ta kunu da safe ba?"

"Ki yi dariya, Adda. Ke ba a kiran gidanki da sunan wuƙa."

"Bar ta a nan. Zan sa ta cikin akwatin zannuwana, ta sha turare."

Ranar Asabar ta zo da zafin nan na Jimeta wanda yake sa fanka ta riƙa hura wuta. Malam Apollos ya sa farar shadda da hula, ya yi kyau ƙwarai, sai dai duk wanda ya san shi zai ga kamar an cire masa wani abu a jiki. Hannunsa na dama ya riƙa zuwa ƙugu yana dawowa wayam. Da aka kawo katan ɗin lemo ya tsaya a kansa yana jan salatif da farce, ya ja, ya ja, har ya sa haƙori. Keturah ta miƙa masa almakashi, ya dube ta kamar ta zage shi.

Baƙi suka iso da hantsi a mota biyu. Cif Ignatius ne a gaba, da jar hularsa da riga mai zanen kan zaki, sai matarsa Akudo, doguwa mai ɗaurin kai da ya kusa taɓa saman ƙofa, sai Chimobi yana ta zufa, sai wasu dattawa biyu 'yan garinsu. Aka shigo da doya da katan-katan na abin sha. Aka zazzauna, aka gaisa, aka tambayi gajiya da zafi da kasuwa. Cif yana amsawa a taƙaice, bai ko murmusa ba. Keturah tana satar kallonsa tana gode wa Allah a zuci da wuƙa take Yola.

Da yake ta yi tambaya a kan al'adarsu, ta tanadi goro da yalo da niƙaƙƙiyar gyaɗa mai yaji a faranti, ta ɗora 'yar wuƙar tebur a gefe, sabuwa fil mai walƙiya. Malam Apollos ya miƙa wa Cif farantin. Cif ya ɗaga goro ɗaya sama, ya yi doguwar addu'a da yarensu, 'yan garinsu suna amsawa. Da ya gama ya ɗauki wuƙar tebur don ya rarraba goron ya isa kowa. Ya ɗora ta a kan goro, ta zame. Ya sake, ta sake zamewa. Ya juya ta, ya shafa bakinta da yatsa, ya ajiye ta a hankali kamar wanda ya taɓa mataccen ƙadangare.

Sai ya ɗage gefen rigarsa, ya zaro wuƙa daga ƙugu.

Baƙa ce, gajera mai kauri, da mariƙin katako da aka ɗaure da jar waya. Ya tsaga goron da ita sau biyu, ko ƙara ba a ji ba.

"Papa Chimobi!" Akudo ta dafe ƙirji. "Ka yi mini alkawari! Ni da kaina na laluba ka a gida!"

"Ka laluba ni," Cif ya ce, da irin Hausar 'yan kasuwar Jimeta wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Ba ka laluba mota ba."

Akudo ta rufe fuska da gefen gyale. Chimobi ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Keturah kuwa bakinta ya buɗe ya ƙi rufuwa. Ta juya ta dubi mijinta, ta ga ya zame zuwa bakin kujera, idanunsa sun yi haske irin wanda rabon ta da gani tun ranar da aka haifi Virtue.

"Cif," ya ce da wata siririyar murya, "wannan ƙarfen sifirin ɗin mota ne?"

Cif ya ɗago. A karo na farko girarsa ta motsa.

"Ka san wuƙa?"

"A ba ni in gani."

Ya karɓa da ladabi, ya ɗora ta a kan yatsa ya ga inda nauyinta ya tsaya, ya kai ta kusa da taga, ya ƙyasta bakin da farce ya kasa kunne. Cif ya jawo kujerarsa kusa.

"Wani maƙeri ne ya yi mini a bayan kasuwa," ya ce. "Lokacin wahala, da mutanenmu suna rufe shago suna tafiya gida. Na tura madam da yara, ni na zauna. Na saya shi don tsoro. Tsoro ya tafi, wuƙa ya zauna. Yanzu buhun siminti yake yanka, da igiya, da nama. Madam ya ce ina ba shi kunya."

"Ni ma ina da ita," in ji Malam Apollos.

"Ina yake?"

Malam ya kai hannu ƙugu, ya damƙi shadda. Ya juyo ya dubi Keturah, duk falon ya juyo tare da shi.

"Ta je Yola," ya ce. "Hutu."

Ya shiga kwatanta ta da hannu, tsawonta kaza, mariƙinta ƙahon sa, kaifinta yana aske gashin hannu ba tare da ruwa ba. Cif ya saurara, sannan ya jingina da kujera ya girgiza kai.

"Malam, kowa yana cewa nasa yana aski. Ni sai na gani."

"Cif, ni malamin makaranta ne. Ba na faɗin abin da ban gwada ba."

"Yola nisa ne?"

"Ina nisa! Ga ta nan bayan gida."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi gyaran murya, ya tuna musu cewa ba a faɗi abin da ya kawo su ba tukuna. Cif ya yarda da haka. Ya miƙe tsaye, ya ce ɗansa ya ga yarinya a gidan nan, sun zo nema. Malam Apollos ya miƙe shi ma, ya ce sun ji, sun gode, yarinya kuma ta riga ta faɗi ra'ayinta. Suka yi musabaha. Duk abin da Keturah ta yi makonni tana fargaba ya wuce kafin ƙanƙarar da ke cikin kofi ta narke.

"Yanzu za mu dawo," in ji Malam, yana neman takalmi.

"Baban Virtue, shinkafa tana kan wuta!"

"Kafin ki sauke mun dawo."

Suka fice. Dattawan nan biyu suka dubi juna, suka dubi mata, suka bi bayansu, wai su ne shaidu. Aka ji tashin mota. Virtue da Chimobi suka sulale baranda, suna ƙunshe dariya ba ta ƙunsuwa.

Falo ya rage daga Keturah sai Akudo, da farantin goro a tsakaninsu. Kowace tana neman kalmar da za ta ba ɗaya haƙuri da ita. Akudo ce ta fara.

"Mama Virtue, abeg, ki yi haƙuri. Wannan mutum, na ɓoye wuƙan nan cikin buhun gari, na ɓoye cikin firiza. Na taɓa jefa shi a kwandon shara, mai kwasan shara ya kawo mana har gida, yana jiran a gode masa."

"Ni mai keke ne ya dawo mini da tawa," in ji Keturah. "Shekaranjiya waccan."

Suka dubi juna. Dariya ta ƙwace wa Akudo, ta kama Keturah, suka yi ta yi har ɗaurin kan Akudo ya karkace ta cire shi gaba ɗaya ta ajiye a hannun kujera. Keturah ta tuɓe takalmin da yake matse mata yatsu tun safe. Ta shiga kicin ta zubo musu shinkafa da naman akuya, suka ci a faranti ɗaya.

Suna cikin ci Akudo ta tambaye ta inda Malam ya samo tasa. Ba labari ne da Keturah ta saba bayarwa ba.

"A hanyar Mubi," ta ce. "Suna tafe a daji, shi da wasu ɗalibansa da ba su san inda iyayensu suke ba. Yunwa ta kama su. Suka faɗa rugar wani tsohon Bafulatani, shi ma yana haɗa kayansa zai tashi. Ya ba su nono, ya nuna musu hanyar da babu 'yan bindigar. Da za su tafi ya kwance wuƙarsa ya ba Malam, ya ce akwai gonakin rake da rogo a gaba, yara ba za su iya da haƙori ba. Da ita ya ciyar da su har suka fito titi. Ko sunan tsohon bai tambaya ba. Har yau abin yana damunsa."

Akudo ta ajiye cokali.

"Ni ina ƙauye wata da watanni," ta ce. "Kullum in kira shi, ya ce lafiya, lafiya. Sai bayan na dawo maƙwabci ya gaya mini a shago yake kwana, a zaune, da wannan abu a hannu. Mutum wanda ko kaza ba ya iya yankawa."

"Nawa ma haka. In za a yanka kaza sai ya tuna yana da mitin."

"To me ya sa muke wahala da su?"

"Saboda kunya, Mama Chimobi. Ni saboda ke na kai ta Yola."

"Ni ma saboda ke na laluba shi!"

Suka sake wata dariyar. Rana ta yi tsaka, ta karkata, babu maza babu labarinsu. Keturah ta kira Malam, wayarsa ta yi ƙara a kan talabijin. Akudo ta kira Cif, ya ɗauka ya ce suna hanya, amma a bayansa ana jin muryoyi da ƙarar ƙarfe a kan dutse.

"Za mu zauna jiransu?" in ji Akudo. "Kira yaran nan."

Aka kira Virtue da Chimobi. A nan kan tebur, tsakanin kwanukan shinkafa, aka tsayar da komai. Aka zaɓi wata, aka zaɓi Asabar, aka kauce wa damina da lokacin jarrabawa. Aka yarda za a ɗaura a cocin su amarya, faston zai gayyaci fadan cocin su ango ya sa albarka. Akudo ta ɗauki miyar egusi da sakwara, Keturah ta ɗauki shinkafa da masa da kunun gyaɗa. Sun ɗan ja a kan launin anko, Keturah tana son shuɗi, Akudo tana son ruwan zuma, Virtue ta ce kore, suka haɗu suka ce mata ba ta san komai ba, aka tsaya a ruwan zuma da ɗaurin kai shuɗi.

La'asar ta yi, wayar Keturah ta yi ƙara. Adda Kaltume ce.

"Keturah, ku zo ku kwashi mazajenku."

"Lafiya, Adda?"

"Ina lafiya? Na fito musu da ajiya, na ce su tafi. Sai Alhaji ya dawo daga masallaci ya gan su, ya shige ɗaki ya fito da wuƙarsa ta layya. Tun ɗazu suna gindin mangwaro. Sun yanka takarda, sun yanka igiyar shanyata, sun fere raken da na saya wa jikoki kaf. Yanzu gashin hannu suke askewa. Wannan mai jar hular ya gama da hannun hagu ya koma na dama."

"Wa ya ci?"

"Kowa ya ce shi ne. An aika a kira liman ya raba gardama."

Sai dab da magariba suka dawo. Malam Apollos ne ya fara shigowa, wuƙa a ƙugu a kan farar shadda, shaddar duk ɗigon ruwan rake, tafiyarsa ta koma daidai. Cif Ignatius yana biye da shi, jar hula a hannu, yana dariya da haƙoransa duka a waje. Akudo ta ce rabon da ta ga haƙoran nan tun bikin ƙanwarta. Dukansu biyu hannayensu sun yi faci-faci, nan gashi nan babu, kamar gonar da awaki suka shiga.

"Madam," Cif ya ce wa Keturah, "mijinki bai yi ƙarya ba. Yana aski. Amma nawa ya fi nasa cin igiya."

"Liman bai faɗi haka ba," in ji Malam.

"Liman abokin Alhaji ne."

Aka ɗumama musu shinkafa suka ci a tsaye, suna gardamar wane mai ya fi kyau a shafa wa kube. Da za su tafi Cif ya kama hannun Malam da hannu biyu, ya ce shi ya gamsu, mutumin da ya riƙe abu mai kaifi shekara da shekaru bai yanki kowa ba sai rake, to 'yarsa za ta iya zama da Chimobi, wanda shi ma sai an yi haƙuri da shi. Akudo ta rungumi Keturah a bakin get, ta raɗa mata cewa ranar biki su biyu za su yi laluben, har da mota.

Washegari bayan an tashi daga coci, Keturah tana tsince wake a faifai a baranda, wayar Malam ta yi ƙara. Cif ne. Suka daɗe suna magana a kan wani baduku da Alhaji ya ce yana ɗinka kube mai kyau a kasuwar Yola, suka yi alkawarin zuwa tare ranar Talata. Malam ya kashe waya, ya zauna kusa da ita yana murmushi shi kaɗai.

"Mutumin kirki ne," ya ce. "Na gaya miki babu abin tsoro."

"Ka gaya mini."

Ya sosa facin hannunsa.

"Af, Madam. Ya kamata mu sa rana mu zauna da su a tsayar da lokacin bikin nan."

"An tsayar."

"Wa ya tsayar?"

"Waɗanda suka zauna a gida."

Ya gyara tabarau. Can ya matso ya sa hannu a faifan yana taya ta tsintar waken, ya tambaya a hankali ko za a iya gaya masa watan, don kada Cif ya riga shi sani.